An ɗora ni a kan abokan aikina, yanzu ni kaɗai nake aikin mutum bakwai

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 31, shekara 5 ina aiki a sashen lissafi na wani kamfani, wata huɗu da suka wuce aka yi min ƙarin girma aka ba ni shugabancin sashen, mutum 7 ne a ƙarƙashina kuma duk tare muke zaune kafin nan. Wallahi Anti tun da na hau kujerar nan ban ƙara samun natsuwa ba. In na ba mutum aiki sai ya kawo min da kurakurai, ni kuma ba na son faɗa, sai in karɓa in gyara da kaina, kullum ni ce ƙarshen fita daga ofis. Ƙawayena da muke hira da su yanzu ina shigowa sai su yi tsit. Akwai wani dattijo a cikinsu, shi ya koya min aikin da na zo, kowa ya ɗauka shi za a ba, yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, a mitin kuma in na yi magana sai ya ce "to, yadda shugaba ta ce". Satin da ya wuce aka gano wani babban kuskure wanda ashe mutum biyu sun san da shi tun kwana goma amma ba wanda ya faɗa min, ogana ya kira ni ya ce in tashi tsaye in nuna ni ce shugaba. In je in ce a mayar da ni inda nake ne, ko in shiga kwas ɗin shugabanci, ko dai ni ce ba a halicce ni da shugabancin ba?

Wa alaikis salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya alheri a kujerar. Na lura duk tsawon wasiƙar nan ko sau ɗaya ba ki nuna kin yi murna da ita ba, to ni dai na taya ki.

Kar ki je ki ce a mayar da ke. Wata huɗu bai isa a ce mutum ya iya ko bai iya ba, ke kanki lissafin da kike taƙama da shi yanzu a wata huɗu kika ƙware? Ki tuna yadda kike a watanki na huɗu a kamfanin nan, na tabbata har lokacin kina satar kallon na kusa da ke ki ga yadda ya jera nasa. To yanzun ma aji ɗaya aka mayar da ke ba ki sani ba, sai dai wannan karon an haɗa miki da babban tebur da ƙarin albashi, shi ya sa kike ganin kamata ya yi a ce kin iya tun ranar farko.

Abin da ba a faɗa wa mutane ranar da ake miƙa musu takardar ƙarin girma shi ne sana'a aka canja musu ɗungurungum. Da, aikinki shi ne lissafi ya fita daidai daga hannunki. Yanzu aikinki shi ne ya fita daidai daga hannun mutum bakwai, kuma iya na farkon ba ya ba ki iya na biyun. Tun 1969 wani malamin jami'a ɗan Kanada, Laurence Peter, ya yi wa abin nan ba'a, ya ce a ma'aikata ana ɗaga mutum ne saboda ya iya aikin da yake kai, a ɗaga shi a ƙara ɗaga shi har sai an kai shi kujerar da bai iya ba, sai a bar shi nan ya dawwama. Shi cikin raha ya faɗa, amma a 2019 wasu masana uku a Amurka, Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue, suka bi diddigin dubban ma'aikatan tallace-tallace a kamfanoni sama da ɗari suka ga akwai ƙamshin gaskiya a ciki, wanda ya fi kowa iya sayar da kaya shi aka fi ba manaja, kuma in ya hau sai ka ga yaransa ba sa kawo ciniki kamar na manajan da bai kai shi iya sayarwa ba. Waɗanda suka fi yin kyau a kujerar su ne waɗanda dama sun saba aiki da mutane ana haɗa hannu. Kinga kenan maganar "ba a halicce ni da shi ba" ki ajiye ta gefe, abu ne da ake koya kamar yadda kika koyi haɗa lissafin ƙarshen wata, bambancin kawai shi ne wancan an zaunar da ke an nuna miki, wannan kuma an turo ki ciki an ja ƙofa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyun inda na tsaya shi ne wurin da kika wuce da sauri kamar ba komai ba, "sai in karɓa in gyara da kaina". Rabin damuwarki daga nan ta fito, kuma na sani ne saboda na yi irinsa. Lokacin da aka fara ba ni mutane akwai wani yaro sabon ɗauka da ke haɗa mana rahoton wata, ya kawo min na ɗauki jan biro na fara gyara, na ga gyaran ya fi rubutun yawa, na ce masa bar shi kawai je ka, na zauna har tara na dare na sake rubutawa tun daga farko. Wata na biyu ma haka. Wata na uku ya ajiye min takardu na buɗe, shafi biyun ƙarshe babu komai sai kan magana da fili fetal a ƙasa. Na ce wannan fa? Ya dube ni, ba da rashin kunya ba wallahi, fuskarsa a sake, ya ce "ai na ga ko na yi sai kin sake, shi ya sa na bar miki wurin". Raina ya ɓaci sosai, amma kafin in kai gida na gane yaron nan gaskiya ya faɗa, ni na koya masa haka da hannuna, wata biyu ina nuna masa cewa aikinsa ba ya zuwa ko'ina, to dan me zai wahalar da kansa?

Mutanenki bakwai ɗin nan ma darasin da kike ba su kenan kullum. Kina ganin kina rufa musu asiri ne, su kuwa abin da suke karantawa shi ne ba ki yarda da su ba, kuma komai suka kawo akwai mai wanke shi a gaba. Mutum ba ya duba aikinsa sau biyu in ya san akwai wadda za ta duba masa sau uku.

Akwai wani misali da William Oncken da Donald Wass suka kawo a mujallar Harvard Business Review a 1974, har yau ban ga wanda ya fi shi fito da abin nan fili ba. Suka ce ki ɗauka kowace matsala biri ce a kafaɗar mai ita. Ma'aikaci ya tare ki a hanya ya ce shugaba muna da matsala, ki saurara, ki ce to bari in duba zan neme ka. Kafin ku haɗu birin yana kafaɗarsa, kuna rabuwa ya yi tsalle ya dawo taki. Gobe kuma shi ne zai leƙo ofishinki ya ce ya ake ciki da maganar nan, wato ya zama shi ke sa miki ido ke kina masa aiki. Ki lissafa mutum bakwai kowa ya sauke miki biri biyu a sati, ki ga ko za ki fita ofis da wuri.

Dan haka daga yanzu in mutum ya kawo aiki da kuskure kar ki karɓi fayil ɗin. Ki ja masa kujera ya zauna, ki nuna masa wuri ɗaya, ki ce jimillar nan ba ta zo daidai da ta shafi na uku ba, duba min inda ta ɓace ka dawo ƙarfe biyu. Shi kenan. Kar ki taɓa masa kwamfuta, ko da hannunki na ƙaiƙayi, kuma zai yi ƙaiƙayi, dan abin da za ki gama a minti goma za ki zuba ido kina kallo yana cin masa awa guda. Wannan awar ita ce kuɗin makarantar, sai kin biya ta sau biyar sau shida kafin ki fara ganin riba. Ba faɗa ba ne wannan, tunda kin ce ba kya son faɗa, ba sai kin ɗaga murya ba, mayar wa mutum aikinsa ne kawai. Kuma dan kar ki shiga uku ranar da za a miƙa wa na sama, in wa'adin Juma'a ne ki ce su kawo miki Laraba, ki samu kwana biyun da za a yi ta kai da komo.

Sannan ki binciki kanki kan abu biyu. Na ɗaya yadda kike ba da aikin tun farko. Ku ƙwararru kuna da wata ɗabi'a, sai ku ce "haɗa min abin nan na watan jiya", ke a kanki akwai cikakken hoton yadda zai fito, shi kuma kalma bakwai kawai ya ji. Ki faɗa masa me ake nema, wa zai karanta, yaushe, da yadda za a gane an gama, sannan ki ce maimaita min abin da ka fahimta. Za ki sha mamakin abin da zai fito daga bakinsa. Ɗayan kuma ki raba kuskure da "ba haka nake yi ba". In lamba ta ɓace kuskure ne. In kuwa ya jera tebur ɗin ne ba irin jerinki ba amma lissafi ya fita, ki haɗiye ki bar masa abinsa, na san da zafi.

Ba cewa nake ki sakar wa kowa ragama daidai wa daida ba fa. Andy Grove da ya shugabanci kamfanin Intel yana da magana a kan wannan da na yarda da ita, kusancin da za ki yi wa mutum ya danganta ne da sanin da ya yi wa wannan aikin na gabansa, ba shekarunsa ko takardunsa ba. Sabo a aiki ki tsaya kusa, ki ce nuna min in ka kai rabi. Wanda ya goge ki faɗa masa inda za a je ki matsa. Kuma mutum ɗaya zai iya zama gogagge a wani abu sabon shiga a wani, kamar dai ke yanzu. Kamfanin Google ma da ya zauna wajen 2008 yana binciken me ya raba manajojinsa na kirki da sauran, halaye takwas suka fitar, iya koyar da na ƙasa shi ya zo na ɗaya, barin mutane su yi aikinsu ba tare da an tsaya musu a ka ba na biyu, ƙwarewa a aikin kansa kuma ita ce ta takwas. A kamfanin injiniyoyi fa kenan.

Yanzu ga abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki, wanda ke kika ɗauke shi kamar cin amana kawai: mutum biyu sun san da kuskure suka yi shiru kwana goma. Kafin ki yi fushi ki tambayi kanki me ya rufe musu baki. Ko dai suna tsoron abin da zai biyo baya, ko kuma sun ce a ransu ba ruwanmu, ai komai sai ya bi ta hannunta za ta gani. Ki zauna da kowannensu shi kaɗai ki tambaya, ba tambayar tuhuma ba, ki ce ina so in fahimta ne, da ka gani me ka yi tunani, me ya sa ka ga gara ka yi shiru. Ki yi shiru ki jira amsa ko za a yi minti guda ana kallon juna.

Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci a farkon shekarun 1990 kan kurakuran ba da magani. Ta shiga da zaton cewa sashen da ya fi haɗin kai da shugabanci mai kyau shi zai fi ƙarancin kuskure, sai alƙaluma suka nuna mata akasin haka, su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka tona sai aka gane ba wai sun fi sauran yin kuskuren ba ne, su suna faɗa ne in sun yi, sauran kuma suna binnewa. Dan haka shirun da ake miki ba alamar lafiya ba ce, sashen da shugaba ba ya jin mummunan labari sashe ne da ake ɓoye masa.

Masu harkar jiragen sama da jini suka koyi wannan. Ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, har yau shi ne haɗarin jirgin sama mafi muni. Matuƙin KLM ɗin babba ne ƙwarai, shi ke horar da sauran matuƙan kamfanin. Ya fara gudun tashi alhali ɗaya jirgin yana kan titin, injiniyan da ke zaune bayansa ya yi tambaya ko wancan jirgin ya kauce kuwa, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa eh, maganar ta mutu a nan. Bayan wannan da wasu haɗurran ne kamfanonin jirage suka fara horar da ma'aikatansu musamman kan yadda na ƙasa zai faɗa wa na sama ka yi kuskure, da yadda na saman zai saurara. Ofishinki ba wanda zai mutu in sha Allah, amma yadda bakin na ƙasa ke rufuwa iri ɗaya ne ko'ina.

Kuma ba a buɗe shi da sanarwa. In kin tsaya a mitin kin ce ƙofata a buɗe take kowa ya zo, kai kawai za su gyaɗa. Abin da suke jira su gani shi ne fuskarki ranar da mutum na farko ya zo ya ce shugaba na yi ɓarna. In kika ja tsaki, ko kika ce haba dai, ko kika ambaci sunansa gaban oga, kin rufe ƙofar shekara guda. In kika ce madalla da ka faɗa da wuri, zauna mu ga yadda za a yi, to kafin a tashi aiki duk su bakwai sun ji labari. Ki riga su ma, ki faɗi naki kuskuren a gabansu, ƙarami na gaske wanda ya faru, ki ce jiya na tura wa oga lamba ba daidai ba sai da na sake. Sannan ki kafa doka ɗaya a fili: wanda ya yi kuskure ya faɗa, tare za mu gyara kuma ni zan tsaya gaban oga, wanda ya ɓoye kuwa wannan magana ce daban. Da ma ance babba juji ne, laifin sashe naki ne in an je sama, yabo kuma in ya zo ki kira sunan wanda ya yi aikin.

Maganar oganki ta ki nuna ke ce shugaba, ki yi hattara da ita. Yawancin sababbin shugabanni in aka faɗa musu haka sai su dawo su ɗaure fuska, su fara rubuta takardar gargaɗi, su ƙirƙiro dokar sa hannu a rajista, a kwana biyu a ga kamar abu ya gyaru alhali an ƙara toshe bakin mutane ne. Ki koma wurinsa ki ce ranka ya daɗe ina so in gane, nan da wata shida wane abu uku za ka duba ka ce sashen nan yana tafiya daidai? Ki rubuta a gabansa. Ki kuma faɗa masa tun yanzu cewa za ki daina gyara aikin mutane da kanki, dan haka wata ɗaya ko biyu abubuwa za su ɗan yi jinkiri, gara ya ji daga bakinki kafin ya gani.

Dattijon nan kuwa, ki sa kanki a matsayinsa minti ɗaya. Yarinyar da ya nuna wa inda ake ajiye fayil ita ce yau take sa masa hannu a takardar hutu, kuma kowa a ofis ya san ya sa rai. Mutum ne, dole ya ji. Wata huɗu kuna zagaye maganar nan kamar rami a tsakar ɗaki, kuma ke ya kamata ki fara, tunda kujerar na hannunki. Kar ki aika a kira shi ofishinki, ke ki tashi ki same shi lokacin da ba kowa, ki gaishe shi yadda kika saba tun da, ki ce Malam, kai ka koya min aikin nan ban manta ba, kuma na san mutane da yawa sun ɗauka kai za a ba, na zo ne in ji yadda kake ganin za mu yi aiki tare, da abin da kake gani ina yi ba daidai ba. Ki lura ban ce ki ba shi haƙuri ba. Ba ki yi masa laifi ba, ba ke kika zaɓi kanki ba, in kika fara ba da haƙuri kan kujerar kin nuna masa ke ma kina ganin ba taki ba ce.

Mai yiwuwa ranar ya ce miki ba komai, Allah ya taimaka, ya ja bakinsa. Ba laifi, kin dai buɗe. Abin da zai biyo baya shi ne aiki a ƙasa, ki ba shi wani yanki na gaske da zai riƙe da kansa, misali horar da sababbi ko dubawar ƙarshe kafin a rufe lissafin wata, abin da kowa zai ga cewa nasa ne kuma ba kya sa masa baki. In za ki kawo sabon tsari a mitin ki fara bi ta wurinsa kwana ɗaya kafin nan ki ji ra'ayinsa, mutum ba ya cika yi wa abin da aka yi shawara da shi zagon ƙasa. In kuma ya sake cewa "yadda shugaba ta ce", kar ki yi murmushin yaƙe ki wuce, ki ce Malam ni ra'ayinka nake son ji, da kai ne ya za ka yi? Ki jira. In abin ya ci gaba ki same shi ku biyu ki faɗa masa takamaimai, a mitin ɗin ranar kaza ka ce kaza, bayan nan ba wanda ya ƙara magana, ni kuma ina buƙatar jin bakin kowa. Ki tsaya kan ranar da kalmar da abin da ta jawo, kar ki ce masa kana raina ni ko kana min baƙin ciki, dan wannan zuciyarsa kika shiga kuma zai musa, ki rasa abin cewa. In an yi wata biyu uku kin yi duk wannan shi kuma ya koma ɓata aiki da gangan, to a nan an wuce maganar girmamawa, sai ki bi ƙa'idar ma'aikata kamar yadda za ki bi da kowa. Amma a sanina yawancin irinsu ba sa kai wa can, so suke kawai a nuna an san da su.

Ƙawayenki da ke yin tsit, wannan kam ki haƙura, wani ɓangare na hirar ya tafi ba zai dawo ba. Ke ma da kina cikinsu ai kun taɓa ɗan taɓa oga in ya ba da baya, to yanzu ke ce ogan. Ki ci gaba da gaisawa da tambayar iyali da dariya in ta kama, amma kar ki bi su kina neman a mayar da ke cikin gulma, kar kuma ki kai musu ƙorafin na sama dan su ga har yanzu ke tasu ce. Abin da sauran ke sa wa ido shi ne ko ƙawarki za ta makara ki kau da kai, ranar da kika yi haka sau ɗaya kin gama da sauran shidan.

Kwas, in kamfani zai biya ki je, ba ya cutarwa, kuma yanzu da kike da matsaloli na gaske a hannu zai fi miki amfani da a ce kin je kafin ki hau. Amma satifiket ba zai zauna da Malam a madadinki ba. Abin da ya fi min amfani ni shi ne wata babba a wani sashe daban, wadda ba ita ke rubuta min rahoton ƙarshen shekara ba, nakan je mata sau ɗaya a wata in zazzage mata shirmen da na yi ta yi dariya ta ba ni labarin nata. Ki nemi irin wannan, mace ko namiji. Sai kuma zama da kowane ɗaya daga cikin mutanenki shi kaɗai, ko rabin awa ne duk sati biyu, wanda shi zai zo da abin da yake so a tattauna ke kuma ki fi yawan saurare. Mutum bakwai awa uku da rabi kenan a sati biyu, bai kai abin da kike ƙonawa a dare biyu kina gyaran aikinsu ba, kuma irin labarin da ya kwana goma bai iso ki ba a irin wannan zaman yake fitowa.

Ranar Litinin ki fara da fayil ɗin farko da zai zo da kuskure, ki mayar da shi hannun mai shi, in lokacin tashi ya yi ki kashe kwamfuta ki fita kowa na kallo. Bayan wata biyu ki sake rubuto min, ina son in ji ƙarfe nawa kike barin ofis, da kuma abin da Malam ya ce da kika same shi.